Mijinta ba ya gari, wa zai sa hannu a yi mata aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, ban daɗe da kama aiki ba a wani asibitin ƙaramar hukuma. Makon jiya cikin dare aka kawo mana wata mata, haihuwarta ta huɗu, ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Likita ya duba ya ce sai an yi aiki. Ita da bakinta ta ce a yi. Amma mijin yana ci-rani a Legas, wayarsa ba ta shiga, uwar mijin kuma ta ce ba mai taɓa ta sai ɗanta ya yarda. Babbar sistar da muke tare ta ce mu jira, likitan ma bai matsa ba. Sai da asuba aka samu mijin. Uwar ta rayu, amma jaririn bai zo da rai ba, kuma mahaifar ta fashe sai da aka cire ta. Tun ranar ba na iya barci. Shin na yi laifi? Me zan yi in haka ta sake faruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba wa baiwar Allah nan lafiya da haƙuri, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Ba ke ce kika yanke hukuncin jira ba, kuma ba ke ce mai yin aikin ba, don haka kada ki ɗora wa kanki nauyin da ba naki ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, jiran nan kuskure ne, kuma kina da bakin da za ki iya faɗin haka a daren.

Maganar da ta jawo wannan asara ita ce wadda nake ji kullum a ɗakunan haihuwa, har daga bakin waɗanda suka yi shekara ashirin da farin kaya: wai ba a yi wa matar aure aiki sai mijinta ya sa hannu. Ban san dokar da ta ce haka ba, kuma duk wanda na ce ya nuna mini ita ya kasa. Mace baliga mai hankali, wadda likita ya yi wa bayani da harshen da take ji ta kuma fahimta, sa hannunta ko dangwalenta a takardar amincewa ya wadatar. Jikinta ne za a yanka, ranta ne ke cikin haɗari. A shekarar 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar cewa baligi mai hankali shi ke da ikon karɓa ko ƙin magani a jikinsa, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Wadda doka ta ba wa ikon ta ce a'a, ta yaya za a ce "e" ɗinta ba ta isa ba? Sannan sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta a hana kowa kulawar gaggawa bisa kowane dalili, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ba ta ware "miji ba ya nan" ba, ba ta ware "ba su biya kuɗin kati ba" ba.

To me ya sa muke riƙe da wannan al'ada kamar aya? Tsoro ne, ba wani abu ba. Muna tsoron miji ya iso ya yi mana tijara, muna tsoron dangi su ce mun yanka musu 'ya don kuɗi, muna tsoron a kira mu ofis. Sai mu mayar da takardar amincewa garkuwar kanmu, alhali an yi ta ne don kare mara lafiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau da yawa ba a ma tambayar matar. Tana kwance tana murƙususu, ana ta shawara a kanta a baranda tsakanin sista da ƙanin miji da uwar miji, wani ma yana cewa a bari a kawo rubutu tukuna. Kuma kafin su iso gare mu, mai kemis ɗin unguwa ya riga ya danna mata allurar naƙuda a kan hanyar da ta toshe. Kin san abin da hakan ke yi wa mahaifar da ta haihu sau uku. Kin ga cikin ya rabu biyu da wani layi a ƙasan cibiya, fitsari ya fara zuwa da jini, bugun zuciyar jariri ya sauka ƙasa da 110 a minti ɗaya, bugun uwa yana ta hawa: wannan mata mintuna gare ta, ba awanni ba. Mai haihuwar fari in ta tsira, sau da yawa yoyon fitsari ke biyo baya. Ki je asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ki ga 'yan matan da ke jiran gyara, ki tambaye su kwana nawa suka yi kan gwiwa kafin a kai su asibiti, da kuma wa ake jira.

Kada ki fahimce ni a baibai. Ban ce a yi watsi da miji ba. Matar nan gidansa za ta koma, kuma girmama shi yana cikin kyautata mata. A kira shi, a sake kira, a tura saƙo, a nemi abokin da yake tare da shi. Amma ana kiran ne ana shirya ɗakin aiki, ana sa ruwa, ana neman jini. Sanar da shi ake yi, ba izini ake jira ba. Masu fakewa da addini kuma su ji tsoron Allah. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma Suratul Ma'ida ta faɗi matsayin wanda ya raya rai guda. Ban taɓa jin malamin kirki da ya ce a bar mace ta mutu da ciki saboda waya ba ta shiga ba.

Akwai wurare biyu da za ki yi hattara. Idan ita kanta matar ce ta ce "ku jira mijina", to wannan zaɓinta ne, ba za a ja ta da ƙarfi ba. Sai dai ki sallami kowa daga ɗakin, ki sunkuya kusa da ita, ki gaya mata gaskiya da Hausar da za ta gane, cewa jiran na iya cin ranta da na ɗanta. Da yawa tsoron uwar miji ne ke magana, da ta fita sai ki ji "ku taimake ni". Idan kuwa ba ta cikin hayyacinta, kamar mai jijjiga ko wadda jini ya ƙare wa, likita zai yi abin da zai ceci ranta, a rubuta dalili a folda, wani ma'aikaci na biyu ya shaida.

Game da babbar sista, ba sai kin yi mata rashin kunya ba. Ki ce, "Sista, matar ta yarda da kanta, don Allah mu kira likita ya karɓi amincewarta." In an ƙi, ki kira babbar mai kula da jinya ta dare, ko shugaban asibitin, ko ƙarfe nawa ne. Ki rubuta komai da lokacinsa: ƙarfe nawa likita ya ce a yi aiki, ƙarfe nawa ta amince, wa ya hana, wa kika kira. Ranar da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya za ta tambaya, abin da kika rubuta ne zai tsaya miki.

Wannan lamarin kuma kada a binne shi. Ki roƙa a kawo shi zaman bitar mace-macen mata da jarirai na asibitinku, a fito da ƙa'ida a rubuce a manna a ɗakin haihuwa. Sannan tun a wurin awo, duk wadda mijinta ke tafiye-tafiye, ku ce ta zo da shi ko sau ɗaya, ya ji bayani, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa cewa in ta kama a yi aiki a yi, ku kuma karɓi lambar waya biyu ku rubuta a katinta.