Amsar tambayar mai jitar bes

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, wai shin mai kaɗa bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, zai iya cin abinci da kiɗa a faifan wasu kawai, ba tare da ya zama mawaƙi ba, to ga amsarka, ka yi haƙuri sai yanzu na samu zama.

Zai iya. Bari in ba ka misali da salsa, kiɗan rawa na 'yan Latin Amurka, tunda shi na fi saurare. Akwai wani mai bes, Sal Cuevas, an haife shi a New York a 1955, iyayensa 'yan Puerto Rico ne. Kamfanin Fania, wanda Johnny Pacheco da Jerry Masucci suka kafa a 1964, shi ke riƙe da kasuwar salsa a shekarun 1970, kuma Sal na cikin waɗanda ake kira situdiyo kullum. Ya yi wa manyan 'yan salsa kiɗa: ya yi wa Celia Cruz, ya yi wa Héctor Lavoe, ya yi wa Ray Barretto. Faifan Siembra na Willie Colón da Rubén Blades, na 1978, wanda ya yi kasuwa ba kaɗan ba, yana cikin waɗanda suka kaɗa bes ɗinsa. Ka nemi waƙar farko, ka ji yadda yake marin igiyar da babban yatsa, salon da ya ɗauko daga kiɗan baƙaƙen Amurka. Da yawa sun haddace waƙar nan, sunansa kuwa sai ka juya bayan faifan, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

To me ya sa shi ake kira? Ka ga, bes ɗin salsa yana da wata tafiya da suke ce wa tumbao. Ba ka faɗawa kan bugun farko kamar yadda hannunka ya saba. Kana riga kowa ne, ka shiga sabon sauti tun kafin lokacinsa, kai da mai ganga kuna tafe tare. Wanda bai saba ba, wallahi cikin minti ɗaya ya rikita kowa. Sannan dole ka iya karanta kiɗa a takarda, don kuɗin situdiyo na tafiya ne da awa, babu mai jiranka ka koya.

Amma fa maganar kuɗi, kar in ruɗe ka. Galibi kuɗin zama ake biyanka, shi ke nan, faifai ya yi kasuwa ko ya kwanta. Cachao ma, mai bes ɗan Kuba, wanda shi da yayansa Orestes ake danganta wa asalin kiɗan mambo, sai da ya yi shekaru yana kiɗan biki a Miami, kafin jarumin fim Andy García ya sake fito da shi a 1993.

Shi Sal daga baya Miami ya koma, ya rasu a 2017. Ka saurari faifan tukuna, sai mu yi waya.