Zan je Chaina saro kaya: da waya zan riƙa biya ko da kuɗin hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Shekara tara ina karɓar kaya ta hannun wasu, bana kuma Allah ya nufa zan taka da ƙafata zuwa Gwanzu lokacin baje kolin Canton, biza ma ta fito. Abin da ya ɗaure mini kai, wani ya ce can ko ruwan roba ba a saye da kuɗin hannu, sai da waya. Wani kuma ya ce in ƙulle dalata a jiki kawai, komai zai tafi daidai. Ina da katin ATM na naira guda biyu. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a je a sa'a, a dawo da riba. Mutanen nan biyu babu wanda ya yi maka ƙarya, sai dai kowanensu abin da ya dame shi ya faɗa maka. Na farkon yana maganar kuɗin aljihu ne, wato abinci da mota da ruwan sha. Na biyun kuɗin kaya ne a ransa. Ka raba waɗannan biyun tun kana gida, domin kowanne da hanyarsa, kuma mafi yawan wahalar da na ga sababbin zuwa suna sha, daga cakuɗa su take tasowa.

Mu fara da na aljihu. A biranen Chaina waya ta cinye kasuwa, kuma manhaja biyu ne ke riƙe da ragamar: Alipay da WeChat Pay. Mai ayaba a bakin titi, direban tasi, mai gidan abinci, kowa yana da ɗan allo mai lambar QR, wani a manne a bango, wani a rataye a wuya. Ko dai kai ka haska lambarsa da wayarka, ka rubuta adadin, ka sa lambar sirrinka, ko kuma ka buɗe taka lambar shi ya haska da na'urarsa, kamar yadda ake yi a manyan kantuna. Da ka biya, wata 'yar lasifika a kan teburinsa za ta faɗi adadin da ya shiga da ƙarfi. Alat ɗinsu ke nan. Mai shagon ko kai ba ya ɗagowa.

A da baƙo kallo kawai yake yi, domin sai mai asusun banki a can ke morar abin sosai. A 2023 ne manhajojin biyu suka buɗe ƙofa ga katunan waje irin su Visa da Mastercard. A watan Maris na 2024 kuma babban bankin ƙasar ya ɗaga iyakar da aka yi wa baƙi: biya ɗaya ya tashi daga dala 1,000 zuwa 5,000, na shekara daga dala 10,000 zuwa 50,000. Ga abin da ya fi muhimmanci ga aljihunka: cinikin da bai wuce yuan 200 ba (yuan shi ne kuɗin Chaina), manhajar ba ta cire maka komai. Da ya haura, za a ɗora maka kashi 3 cikin ɗari na dukkan kuɗin. Dala ɗaya tana kai-kawo ne a kusa da yuan 7, don haka yuan 200 bai kai dala 30 ba. Kwanon taliya a gidan abincin Musulmi, jirgin ƙarƙashin ƙasa da kuɗinsa ke farawa daga yuan 2, motar haya ta manhajar DiDi daga masauki zuwa Pazhou inda ake baje kolin, duk waɗannan ba su kai iyakar ba. Amma ka biya yuan 10,000 ta wannan hanya, yuan 300 sun tafi ba ka sayi komai da su ba.

Yanzu katunanka biyu. Ɗauko su ka duba tambarin da ke jiki. In Verve ne, irin wanda muke miƙa wa mai POS a unguwa, ka bar shi a gida, ba ya cikin waɗanda manhajojin ke karɓa. In Visa ne ko Mastercard, har yanzu da sauran tambaya. A 2022 yawancin bankunan Najeriya sun rufe amfani da katin naira a ƙasashen waje saboda ƙarancin dala. A tsakiyar 2025 wasu sun sake buɗewa, amma kowane banki da iyakar da ya yanka, wani na wata, wani na wata uku. Ka shiga bankinka da kanka ka tambayi abu uku: katin nan yana aiki a waje, nawa ne iyakarsa, kuma da wane farashi za su canza maka. Ni dai shawarata, ka buɗe asusun dala ka karɓi katinsa, shi za ka ɗaura a manhajar, na nairar ya zauna a matsayin ko-ta-kwana. Ka kuma tambaye su maganar BTA, guzurin ɗan kasuwa mai tafiya waje, wanda iyakarsa dala 5,000 ce a wata uku. A watan Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna ba da shi tsaba, ya ce a riƙa zubawa a kati, kuma katin nan shi ne daidai abin da kake nema.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sauke manhajojin biyu tun kana Kano, domin rumbun manhajojin Google ba ya buɗewa a intanet ɗin Chaina, haka WhatsApp da Facebook. Ka yi rajista da lambar wayarka ta gida, ka ɗora hoton fasfo, ka tsaya wayar ta ɗauki fuskarka, sannan ka ɗaura katin. Sunan da ke kan katin ya zama shi ne na fasfon, harafi da harafi. Wanda fasfonsa ke cewa Muhammad, katinsa kuma Mohammed, kada ya yi mamaki in ya sha jira. Sannan ka sa kamfanin layinka ya buɗe maka romin, wato layin ya riƙa aiki a ƙasar waje, ka bar kuɗi a layin.

Wannan na ƙarshen da jikina na koye shi. Wata tafiya na sauka a filin jirgin Baiyun na Gwanzu cikin dare, na zo biyan mota, sai bankina ya ga ciniki daga ƙasar da bai saba gani ba, ya turo lambar tabbatarwa zuwa layina na gida. Layin kuwa na cire shi tun a jirgi, yana naɗe a takarda cikin aljihun jaka, ban ma buɗe masa romin ba. Ina tsaye da kati mai kuɗi, da waya mai caji, da direba mai kallona, amma ba ni da yadda zan biya yuan ɗari da 'yan kai. 'Yan takardun yuan da suka rage mini daga tafiyar baya su suka fitar da ni kunya. Tun daga ranar wayata mai layi biyu ce, kuma ba na rabuwa da abin cajin aljihu, don wanda wayarsa ta mutu a Gwanzu, aljihunsa ne ya mutu.

Ko ka shirya komai, za ka haɗu da inda wayar za ta ƙi. Wasu ƙananan 'yan tireda lambar karɓar kuɗinsu ta kansu ce, ba ta shago mai rajista ba, irin wannan kuwa takan ƙi katin waje. Haka nan ba za ka iya tura wa abokin tafiyarka kuɗi daga katinka na waje ba, an toshe wannan. In Alipay ta ƙi, gwada WeChat, shi ya sa na ce ka sauke biyun. In duk sun ƙi, sai ka zaro takarda.

Kuɗin hannu bai mutu ba a Chaina. Doka ta hana ɗan kasuwa ya ƙi karɓar yuan, babban bankin kuma yana cin tarar masu ƙi. Matsalar canji ce. Babbar takardarsu ita ce ta yuan 100, ja mai hoton Mao, kuma ita injin ATM ke bayarwa. Ka miƙa ta ga mai sayar da ruwan yuan 2, sai ka ga ya buɗe akwatin da rabon a buɗe shi an kwana biyu, ya leƙa shagon maƙwabci, ya dawo yana girgiza kai. Don haka ka fasa manyan takardun a masauki ko a babban kanti, ka riƙe 'yan goma-goma da ashirin-ashirin. Yuan 1,000 zuwa 2,000 a jiki sun ishe ka kwanaki, har da kuɗin ajiyar da wasu masaukai ke karɓa ranar da ka shiga su mayar maka ranar fita. Tukuici kuwa ba al'adarsu ba ce, ba wanda ke jiran ka bar masa canji.

Dalar da za ka saya a Wapa, ka zaɓi sababbin takardun ɗari masu shuɗin zare, marasa yaguwa, marasa rubutun biro ko hatimin ɗan canji, domin ma'aikacin banki a can yana iya ture mai tabo. Ka canza kaɗan a filin jirgi don kuɗin mota, sauran a reshen banki irin Bank of China, da fasfonka a hannu. Injinan ATM na manyan bankuna suna karɓar Visa da Mastercard, cira ɗaya yawanci ba ya wuce yuan 2,500 zuwa 3,000. In inji ko na'urar otal ta tambaye ka a caje ka da dala ko da yuan, zaɓi yuan, ka bar bankinka ya yi canjin, don nasu farashin ya fi tsada. Kwastan kuma: in za ka fita Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 dole ka bayyana, in za ka shiga Chaina da abin da ya haura dala 5,000 nan ma dole. Bayyanawar ba ta rage maka ko sisi, ɓoyewar ce ke sa a ƙwace.

To, sai kuɗin kaya, inda dukiyarka take. A baje kolin kansa ba kasafai ake biyan wani abu mai yawa ba. Kana ganin samfur, kana karɓar katin kamfani, ana buga farashi a kalkuleta ana miƙo maka kana gogewa kana buga naka. In kun daidaita, abin da aka saba shi ne kafin alƙalami na kashi 30 cikin ɗari, sauran 70 kafin a loda kwantena. Wannan kuɗin banki ya kamata ya bi, zuwa asusun kamfani wanda sunansa ya yi daidai da sunan da ke kan takardar cinikin, kuma daga Najeriya Form M, takardar da ake cikewa ta banki don shigo da kaya, ita ce ƙofarsa. In ana tsakiyar ciniki aka aiko maka saƙo cewa kamfanin ya canza asusu, kada ka tura ko kwabo sai ka kira wanda ka zauna da shi ido da ido. Tsohuwar damfara ce, har yau tana cin mutane.

Na san abin da za ka ce, Alhaji: mu a Kwari ba haka muke yi ba, naira muke zuba wa wani a nan, ɗan'uwansa ya biya yuan a can. Na sani, kuma na san dalili, banki yana da jan ƙafa, kasuwa kuma ba ta jira. Amma ka san abin da kake ɗauka. A dokar Chaina canjin bayan fage laifi ne. Yuan ɗin da mutumin zai tura wa mai kayanka, kai ba ka san daga asusun wa ya fito ba. In ya zamana kuɗin sun taɓa bi ta hannun 'yan damfarar waya, 'yan sanda sukan daskarar da duk asusun da suka shiga, har da na mai kayanka da bai ji ba bai gani ba. Wannan ya faru da 'yan kasuwa da yawa a Yiwu, wani birnin sari na Chaina, har wasu suka daina karɓar kuɗi daga asusun da ba su sani ba. In hakan ta faru, shi zai ce bai ga kuɗi ba, kai ka ce ka biya, kayan kuma suna kwance a sito ana lissafa musu kuɗin ajiya. In har ta wannan hanya za ka bi, to ya zama mutumin da manyan layinku suka shekara suna hulɗa da shi, ka raba kuɗin kashi-kashi, kuma kada a tura kashi na biyu sai mai kaya ya rubuto maka cewa na farko ya shiga. Masu tare ka a bakin titi a Xiaobei, unguwar da mutanenmu ke taruwa, suna raɗa maka farashin da ya fi na banki, ka ce musu Allah ya ba da sa'a ka wuce. A can jabun takardar ɗari take fitowa.

Sauran ƙananan sayayya a kasuwannin sari, kamar samfurin yadi dila ɗaya ko biyu, tsabar yuan ta fi maka, tunda ta tsallake cajin kashi 3 ɗin nan, kuma mai shago yakan saki fuska ga wanda ya ƙirgo a take. Ka karɓi rasit mai jan hatimin shagon, ka ɗauki hotonsa a wurin. Rasit ɗin canjin da banki ya ba ka ma ka adana shi cikin fasfo, don ana iya neman sa in ka zo mayar da ragowar yuan ɗinka dala ranar dawowa. Kada ka mayar duka. Ka bar kamar yuan 300 a 'yan ƙananan takardu cikin jaka, kuɗin motar daren da za ka sake sauka a Baiyun.