Wace Taya Ta Dace da Hilux Ɗina?

Tambaya: Malam, kullum ina yawo da Hilux cikin Kano, ranar kasuwa kuma in shiga ƙauye ta burji da yashi. Wace taya zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, nemi mai alamar A/T, wato mai shiga kowace irin hanya. Ita M/T mai manyan haƙora ta taɓo ce. A kwalta sai ƙugi da shan mai.

Ni dai shekarun taya sun fi damuna. Duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya: 2322 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2022. In ta haura shekara shida, bar wa ɗan gwanjo kayansa, komai kyan zanenta.

A yashi rage iska kaɗan, da ka hau kwalta ka tsaya wajen mai faci ya ƙara.