Amsoshin tambayoyinku: Mota na karkarwa a silo, me zan fara saya?

Tambaya: Malam, motata Toyota Corolla ce ta 2010. Idan na tsaya a danja sai ta riƙa karkarwa kamar za ta mutu, jiya kuma fitilar inji ta fara ƙiftawa. Da ita nake kai yara makaranta, hankalina a tashe yake. Injin ne ya tafi?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, da wuya a ce injin ne. Wannan shi ne abin da makanikai ke kira misin: silinda ɗaya cikin huɗu ba ta ƙona manta yadda ya kamata, sauran ukun ke jan ta. Kowace silinda na buƙatar wuta, da mai haɗe da iska daidai gwargwado, da matsi, kuma galibi ta wajen wutar ake samun matsalar, wato fulogi ko kwayil, na'urar da ke ba fulogi wuta. Amma don Allah ki ajiye motar. Fitilar da ta kama ta tsaya cak tana ba da ɗan lokaci. Wadda take ƙiftawa kuwa, ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa yana ƙonewa cikin katalis, tukunyar nan mai tace hayaƙi, har ya narkar da cikinta, kuɗinta kuma ya ninka na fulogi nesa ba kusa ba. Kada ki sayi komai sai an sa wa motar kwamfuta. Kwamfutar za ta nuna lambar matsalar: P0301 silinda ta ɗaya take nufi, P0302 ta biyu, haka har ta huɗu. A motarki kowace silinda da kwayil ɗinta, saboda haka ki ce a cire na silindar da ake zargi a musanya shi da na kusa da ita. Idan lambar ta bi shi, an kama ɓarawo, kwayil ɗaya za ki saya.

Tambaya: Abokina ya ce in zuba maganin wanke nozul a tanki, in fitilar ta ƙi mutuwa a cire ƙwan. Ya ka gani?

Amsa: Wace irin shawara ce wannan? Maganin ba ya gyara mataccen kwayil ko tsagaggen tiyo. Ƙwan kuma bar shi inda yake, shi kaɗai ke gaya maka abin da ke faruwa.

Tambaya: Na canza fulogi huɗu, masu iridiyom, na same su da sauƙi ƙwarai. Ba a yi wata uku ba misin ya dawo. Yanzu makanike ya ce in sayo kwayil huɗu da famfon mai.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan sauƙin shi nake tuhuma, araha ba ta ado. Fulogin iridiyom na ainihi, wato mai tsinin ƙarfen iridiyom mai jure zafi, yakan kai kilomita 100,000 yana aiki, to yaya za a yi ya mutu a wata uku? Jabun fulogin NGK da Denso sun yi yawa har kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kai. Kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, amma tsinin ƙarfe ne na banza da zafi ke cinyewa. Yana cinyewa ratar da wuta ke tsallakawa tana faɗi, kwayil ya riƙa wahala har ya ƙone. Mafi muni, farin tangaran ɗin ko guntun tsinin ya karye ya faɗa cikin silinda ya daki fistin da bawul. Mutum ya guji ɗan ƙarin kuɗi, ya ƙare da sauke inji. Abin nan yana ci mini rai, domin masu ƙaramin ƙarfi ya fi cutarwa, su ne ke neman sauƙi. Ka duba littafin motarka ka ɗauki lambar fulogin da ya dace da ita, ka saya wurin dillalin da zai ba ka rasit kuma ya yarda ka dawo da kaya. Idan farashi ya yi ƙasa da na kowa sosai, juya ka tafi.

Batun kwayil huɗu da famfon mai kuwa, ban yarda ba. Gyaran canki-canka ke nan, da aljihunka. Makaniken ya auna ƙarfin famfon? Ya leƙa ramin fulogi ko baƙin mai na tsiyaya daga gaskit ɗin murfin inji? Ya saurari tiyo ko iska na sata? In kwamfuta ta nuna P0171, mai ya yi wa iska kaɗan, sau da yawa tsagaggen tiyo ne ko dattin na'urar auna iska. In duk wannan lafiya, a gwada matsin kowace silinda. Makaniken da ya ƙi yin gwaji, canza shi kafin ka canza kaya.

Tambaya: Tawa ba fitila, sai dai in na sa giya na taka birki sitiyari ya riƙa rawa.

Amsa: A duba robobin da inji ke zaune a kansu, sannan a wanke bakin totur, inda iska ke shiga inji. In kuma da safe kake jin rawar, ga farin hayaƙi da ba ya yankewa, ruwan lagireto na raguwa, to gaskit ɗin kan silinda ake zargi, kada ka yi tafiya mai nisa da ita sai an gwada.