Naɗar kiran waya a kwamfuta: doka ta yarda?

Malam, ka tambaya ko za ka iya naɗar hirar waya a kwamfutarka, kuma ko doka ta yarda. Naɗar kam ba wuya. Idan a kwamfutar kake yin kiran, manhajar OBS, ta naɗar sauti da bidiyo, za ta ɗauki muryarka daga makirfo, ta haɗa da ta abokin maganarka daga sautin kwamfutar. Zoom ma yana da maɓallin naɗa, kuma yakan sanar da kowa idan an fara.

Inda gizo ke saƙa shi ne doka, don kowace ƙasa da tata. A Amurka, dokar tarayya ta yarda idan mutum ɗaya cikin masu maganar ya amince, ko da kai ne. Amma a jihar Kalifoniya sai kowa ya yarda. A Jamus kuwa, naɗar maganar mutum a ɓoye laifi ne da kan iya kai mutum gidan yari har shekara 3. Idan abokin maganarka yana wata ƙasa, dokar can ma tana iya hawa kanka, kuma nan ne mutane da yawa ke yin sakaci.

Ni dai shawarata, da ya ɗaga wayar ka ce masa, "Zan naɗi hirar nan, ka yarda?" Ka bar amsarsa ta shiga cikin naɗin. Kiran da babu kai a ciki kuwa, kada ma ka kusance shi.