Ga mai tambaya kan 'ya'yan gata da harkar fasaha

Salamu alaikum. Ƙanena, ka ce duk mai kamfanin fasahar da ake yabo, in ka tona sai ka tarar gidansu akwai maiƙo, kana tambaya ko ɗan talaka ya haƙura kawai. Bari in ba ka abin da na gani da idona.

Ni ɗan Tudun Wadar Zariya ne, mahaifina tela. Ban taɓa danna kwamfuta ba sai da na shiga ABU, a wani kafe a Samaru inda muke biyan kuɗin kwana muna fama da intanet mai tafiyar hawainiya. Abokina kuwa ɗan farfesa ne a kwatas, tun yana firamare akwai kwamfuta a falonsu, ga janareto in an ɗauke wuta. Ina laluben harafi da yatsa ɗaya, shi ya riga ya iya rubuta manhaja. Ba ƙwaƙwalwa ya fi ni ba, lissafi ma ni nake koya masa. Sammako ya yi mini.

Bayan bautar ƙasa muka haɗa gwiwa muka yi manhajar fitar da sakamakon jarrabawa ga makarantun kuɗi. Sabon Gari, Gyallesu, Hanwa, babu inda ba mu taka ba, har takalmi ya suɗe. Wannan ya ce mu dawo sabon zango, wancan ya karɓa, kuɗin kuma har yau shiru. Wata takwas abin ya mutu.

To a nan gata ya nuna kansa. Ni ƙanne biyar ke bayana, idon Baba ya fara gazawa da zura zare a allura. Dole na kama koyarwa da safe, gyaran waya da yamma a PZ. Shi ya koma ɗakinsa, tuwo na zuwa, data na shiga. Ya gwada wani abin ya faɗi, ya sake. A na uku wani aminin babansa a Abuja ya buga waya ɗaya, ƙofar da muka yi wata takwas muna ƙwanƙwasa irinta ta buɗe. Ba na hassadarsa, yaron ba ya barci, ni shaida ne. Amma ya faɗi sau biyu a kan katifa, ni sau ɗaya na faɗi, a kan siminti.

A Amurka ma haka zancen yake. Bill Gates na Microsoft, ɗan babban lauya, yana shekara 13 a 1968 ya samu kwamfuta a makarantar kuɗi ta Lakeside, lokacin da yawancin mutane ko ganinta ba su taɓa yi ba. Mahaifiyarsa kuma suna kwamitin wata ƙungiyar agaji ɗaya da shugaban IBM, kamfanin kwamfutar da ya ba Microsoft kwangilar da ta ɗaga shi a 1980. Jeff Bezos ana ta labarin ya fara Amazon a gareji, ba a cika faɗin cewa iyayensa sun zuba masa kusan dala 245,000 a 1995 ba.

Wanda ya kamata ka duba shi ne Jan Koum na WhatsApp. Daga Yukren ya je Amurka, ya yi sharar kanti, suna karɓar tallafin abinci shi da mahaifiyarsa. Amma fa sai da ya yi kusan shekara tara yana cin albashi a kamfanin intanet na Yahoo kafin ya kafa WhatsApp a 2009. Da guminsa ya ɗinka katifarsa.

Abin da na yi ke nan daga baya. Ban ajiye alli ba sai da na tara na cefanen shekara guda, kuma yanzu ba na saka wa makaranta manhaja sai an biya rabin kuɗi. In kana da aiki a hannu, ka riƙe shi, ka yi naka da daddare. In ka shigo PZ ka yi mini magana, mu duba abin da kake haɗawa.