Gasar NIT a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: abin kunya ce, ko dama ce ta biyu?

Tambaya: Malam, ƙanena yana karatu a wata jami'a a Amurka, ta dalilinsa ne na fara bin ƙwallon kwando na jami'o'in ƙasar daga nan Kano. Bana ƙungiyarsu ta sha kashi a wasannin da bai kamata ba, har magoya bayanta sun fidda rai da shiga babbar gasar watan Maris, yanzu maganar wata gasa da suke kira NIT kawai suke yi. Wasu na cewa a karɓi gayyata a je a ɗauko kofin, wasu kuma na cewa zuwan ma zubar da mutunci ne. Mece ce wannan gasa, kuma ta cancanci mutum ya hana idonsa barci dominta?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, kuma gardamar da ka ji a tsakanin magoya bayan jami'ar ƙanenka ita ce ake yi duk shekara a jami'o'i da dama idan watan Maris ya ƙarato. Jami'o'in da ke buga wasa a matakin farko na hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, sun kai kimanin 360, amma a 2011 aka mayar da guraben babbar gasar, wadda ake wa laƙabi da March Madness, guda 68. A gasar 2025, alal misali, ƙungiyoyi 31 sun shiga kai tsaye saboda sun lashe gasar ƙarshen kaka ta rukuninsu, wato gungun jami'o'in da suke fafatawa da juna a tsawon kaka, sauran 37 kuma kwamiti ne ya zaɓe su bisa ƙwazon da suka nuna tun daga watan Nuwamba. Ana sanar da sunayen a yammacin wata Lahadi a tsakiyar Maris, kuma a daren ne, bayan an gama shelar babbar gasa, ake fitar da sunayen ƙungiyoyi 32 daga cikin waɗanda aka bari a baya domin su buga National Invitation Tournament, wato NIT. Gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale, ana buga zagaye uku na farko a zaurukan jami'o'in da kansu, sannan ƙungiyoyi huɗun da suka rage su haɗu a gari ɗaya domin wasan kusa da na ƙarshe da wasan ƙarshe. Wanda ya ci wasa biyar a jere shi ne da kofi.

Mai bin ƙwallon ƙafa zai iya kwatanta ta da gasar Europa idan aka ajiye ta kusa da gasar Zakarun Turai, kuma kwatancen ya kama hanya, sai dai akwai bambanci guda mai nauyi. Wanda ya ɗauki kofin Europa yana samun gurbi a gasar Zakarun Turai ta kakar gaba, amma wanda ya ɗauki NIT ba a ba shi wani gurbi a babbar gasar baɗi. Kofi ne da tuta da za a rataya a rufin zauren wasa, sai kuma abin da ƙungiya ta koya a hanya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasu ke raina ta, har sukan ce wanda ya lashe ta shi ne na 69 a ƙasa.

Abin da matasan magoya baya da yawa ba su sani ba shi ne, NIT ta girmi gasar NCAA. Marubuta labarin ƙwallon kwando na birnin New York ne suka ƙirƙiro ta a 1938, da ƙungiyoyi shida, jami'ar Temple ta lashe ta farko bayan ta doke Colorado, sai a 1939 aka fara gasar NCAA da ƙungiyoyi takwas. A wancan zamani, kafin talabijin ta yaɗu, buga wasa a zauren Madison Square Garden a gaban 'yan jaridar New York shi ne hanyar da ɗan wasa zai yi suna a duk faɗin ƙasa, saboda haka jami'o'i da yawa sun fi ɗaukar gayyatar NIT da daraja. A 1950 kwalejin birnin New York, wadda aka fi sani da CCNY, ta shiga gasannin biyu ta lashe su duka, kuma jami'ar Bradley ta doke a wasan ƙarshe na kowacce, abin da ba wanda ya sake yi. Shekara guda bayan haka aka bankaɗo badaƙalar 'yan caca da ke biyan 'yan wasa su rage tazarar maki, abin ya shafi 'yan wasan CCNY ɗin kansu, kuma wannan tabo ya rage wa wasan jami'o'i a New York ƙima ƙwarai.

Duk da haka, har zuwa 1970 gasar tana da sauran kwarjini. A shekarar ne kocin jami'ar Marquette, Al McGuire, ya fusata da shiyyar da kwamitin NCAA ya jefa ƙungiyarsa, wadda take cikin goman farko a ƙasa, ya ƙi gayyatar, ya tafi New York ya ɗauko kofin NIT bayan ya doke St. John's. Hukumar NCAA ba ta ji daɗin wannan ba, ta kafa dokar da ta hana ƙungiyar da aka gayyata babbar gasa zaɓen wata. Daga nan sai ta shiga faɗaɗa tata gasar: a 1975 ta kai ƙungiyoyi 32 kuma ta yarda rukuni ɗaya ya tura fiye da ƙungiya ɗaya, a 1985 ta kai 64. Duk faɗaɗawar da aka yi, daga akushin NIT aka kwashe. Jami'o'in New York biyar da ke riƙe da gasar sun kai ƙara kotu suna zargin NCAA da danne kasuwa, shari'ar ta ƙare a 2005 da sulhu, NCAA ta biya dala miliyan 56.5 ta mallaki gasar baki ɗaya. Wato dai tun daga lokacin mai babbar gasa shi ne mai ƙaramar.

Game da ko abin kunya ne, amsar ta dogara ne da wanda ake tambaya da kuma abin da ya sa a ransa tun farkon kaka, domin abincin wani gubar wani ne. A 2013 jami'ar Kentucky, wadda ita ce ke riƙe da kofin NCAA na 2012, ta rasa gurbi a babbar gasa bayan babban ɗan wasanta Nerlens Noel ya ji rauni a gwiwa. Da aka sa ta a NIT, zaurenta na gida yana ɗauke da wasannin NCAA, sai dole ta tafi baƙunta wurin wata ƙaramar jami'a mai suna Robert Morris a kusa da Pittsburgh, a zauren da bai fi cin mutum dubu uku da 'yan kai ba. Robert Morris ta yi nasara da ci 59 da 57, ana busa tashi ɗalibai suka tsallako daga kujeru suka cika filin suna rungumar 'yan wasansu. A wurin mutanen Kentucky dare ne na baƙin ciki da suke so a manta, a wurin mutanen Robert Morris kuwa shi ne daren da har yau ake ba da labarinsa. Wasa ɗaya ne, kuma duka ɓangarorin biyu gaskiyarsu suka ji.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na 2024. Jami'ar Indiana State ta lashe gasar rukuninta ta tsawon kaka, ta sha kashi a hannun jami'ar Drake a wasan ƙarshe na gasar rukunin, kwamiti kuma ya bar ta a waje duk da cewa masu nazari da yawa sun ga ta cancanta. Maimakon su yi fushi su zauna a gida, 'yan wasan suka shiga NIT da zuciya ɗaya, suka kai wasan ƙarshe a tsohon zauren Hinkle da ke Indianapolis, magoya bayansu suka taso daga garin Terre Haute suka cika shi da shuɗin kaya. Saura mintuna uku suna gaba da ci 77 da 70, sai Seton Hall, ita ma ƙungiyar da ke ganin an zalunce ta a zaɓen, ta zura maki tara a jere ta ɗauki kofin da ci 79 da 77. Duk wanda ya ga fuskokin 'yan wasan ɓangarorin biyu a wannan dare ba zai ce wasan banza suka buga ba. Haka ma a 2025 jami'ar Chattanooga ta doke UC Irvine da maki ɗaya a ƙarin lokaci a wannan zauren, kuma ga jami'a irin tata wannan kofi ne na ƙasa da ba kullum ake samun damarsa ba.

Akwai kuma amfanin da ba a gani a allon maki. Ƙungiyar da ta je ƙarshen gasar ta samu ƙarin makonni biyu zuwa uku na atisaye da wasanni biyar waɗanda duk wanda ya faɗi ya tafi gida, kuma ga ƙungiyar da yawancin 'yan wasanta 'yan shekarar farko da ta biyu ne, wannan makaranta ce da ba a samun irinta a wasannin Disamba. Wichita State ta lashe NIT a 2011, a 2013 ta kai cikin huɗun ƙarshe a babbar gasa. Baylor ta lashe ta a 2013 a ƙarƙashin koci Scott Drew, kuma shi ne dai ya kai ta ga kofin NCAA a 2021. Ba ina cewa kofin farko ne ya haifi na biyu ba, domin akwai waɗanda suka ɗauki NIT kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba, amma yana nuna cewa ƙungiyar da ke tasowa takan bi ta wannan hanya. Ita kanta hukumar tana amfani da gasar wajen gwada sababbin dokoki: agogon daƙiƙa 30 na jefa ƙwallo an gwada shi a NIT ta 2015 kafin a ɗora shi a kan kowa, haka ma matsar da layin maki uku zuwa tazarar da ake amfani da ita a wasannin duniya an gwada shi a 2018 da 2019.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, gasar tana cikin mawuyacin hali a 'yan shekarun nan, kuma magoya bayan da ke cewa a ƙi zuwa suna da hujjar da ta wuce girman kai. Tun da aka sassauta dokar sauya jami'a a 2021, kuma aka yarda 'yan wasa su samu kuɗi da sunansu da hotonsu, kwanakin da ke biyo bayan ƙarshen kaka sun zama kasuwar 'yan wasa. Koci yana ƙoƙarin shawo kan waɗanda ke hannunsa kada su tafi, yana kuma zawarcin na wasu jami'o'in, wanda ke sa ran shiga NBA kuma ba ya son ya ji rauni a wasan da ba zai ƙara masa farashi ba. A 2023 North Carolina, wadda aka sa a matsayi na ɗaya kafin fara kaka amma ta kasa shiga babbar gasa, ta ƙi gayyatar NIT, a 2024 kuma jami'o'i irin su St. John's da Pittsburgh da Oklahoma suka bi sahu. Ga kuma kishiya: a 2025 tashar Fox ta fara wata sabuwar gasa a Las Vegas mai suna College Basketball Crown, wadda Nebraska ta lashe, kuma ta janye wasu manyan ƙungiyoyi da a da NIT za su tafi. Ko Madison Square Garden ɗin ma an bar shi, domin wasan ƙarshe na 2022 da Xavier ta doke Texas A&M shi ne na baya-bayan nan da aka buga a can.

Ni a ganina, babban kuskuren da masu gasar suka yi shi ne wanda suka yi gabanin gasar 2024, lokacin da suka soke gurbin da ake bai wa duk ƙungiyar da ta lashe rukuninta na tsawon kaka amma ta faɗi a gasar rukunin, suka ware guraben ga manyan rukunai. Wannan gurbi shi ne ladan ƙaramar jami'ar da ta yi wata huɗu tana cin wasa sannan dare ɗaya ya rushe mata komai, kuma irin waɗannan su ne suke son gasar da gaske, alhali wasu daga cikin manyan da aka yi wa tanadin suka juya baya. An sassauta tsarin a 2025, aka dawo da gurbin bisa sharaɗin matsayin ƙungiya a ma'aunin ƙwazo, amma hakkin bai dawo yadda yake a da ba.

Dangane da ƙungiyar jami'ar ƙanenka, ga abin da zan ba ka shawarar ka duba. Ka tambaye shi ko kocin yana nan daram ko ana maganar sallamarsa, ka kuma tambaye shi 'yan wasa nawa daga cikin biyar ɗin da ke fara wasa suka ce za su buga. Idan koci yana nan, ƙungiyar matasa ce, kuma aka ba su wasan farko a gida, to ka sa rai, domin irin waɗannan su ne suke yin nisa, kuma zauren gida da ɗalibai suka cika yana da tasiri sosai a zagayen farko. Idan kuwa manyan 'yan wasa uku sun riga sun bayyana niyyarsu ta sauya jami'a, abin da za ka gani ragowar ƙungiya ce, kuma ba laifi ba ne ka jira sakamakon da safe. Ka lura da lokaci kuma: a tsakiyar Maris gabashin Amurka yana bayan Najeriya da awa biyar, don haka wasan ƙarfe bakwai na yammacinsu ƙarfe goma sha biyun dare ne a Kano, na ƙarfe tara kuma ƙarfe biyun dare, wasan kuwa rabi biyu ne na minti ashirin-ashirin amma yakan ci kusan awa biyu saboda tsaikon da ake yi. Idan aka sa nasu a na farkon, za ka gama kallo ka samu barcin awa uku kafin asuba, kuma in ƙanenka yana cikin zauren za ka iya kiransa a hutun rabin lokaci ka ji ko ɗaliban sun fito.